Ranar da Aka Wanke wa Kalilu Kwalet

Kalilu ɗan kawuna ne, abokin wasana tun muna yawo da ƙafa ba takalmi, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa a nan na riga na faɗa masa ido da ido, har da gyara. Gajere ne, kunnuwa kamar marfin tukunya, kuma bai taɓa sayen tumatir ba a cuce shi ba. In ka gan shi a hanya da hula a karkace ba za ka ba shi ajiyar akuya ba. Amma akwai abin da Allah Ya ba shi, wanda ni da na tsufa da teburin daddawa da kuka a ƙofar shagonsa a unguwar Bukan Sidi da ke Lafia, har yau in na tuna sai in ajiye wasa a gefe na ɗan lokaci. Na ɗan lokaci fa na ce.

Sana'arsa sassaƙar ƙarfe. Ba ƙira ba, ba walda ba. Yana da wani tsohon inji da tsawonsa bai wuce bencin mutum biyu ba, mai juya sandar ƙarfe da gudu, shi kuma ya kawo 'yar wuƙa yana fere ta kamar mai feren rogo har ta zama abin da yake so. Teloli na kawo masa abin da ya cinye a cikin keken ɗinki, masu janareto na kawo nasu, masu sikeli ma haka. Amma kasuwarsa ta gaske manoma ne. Da zarar hadari ya fara haɗuwa za ka gan su daga Shabu da ƙauyukan bayanta, kowa da tankin feshi a goye, suna neman bakin feshi na tagulla irin na Kalilu, don na roba da ake sayarwa a kasuwa ba ya kai ƙarshen damina.

Ubansa, kawuna, falke ne daga Kano, ya zo Lafia da atamfa ya zauna. Ya so ɗansa ya gaji rumfa. Yaron da ke ba mai saye canji fiye da abin da ya miƙo, ina shi ina rumfa. Sai ya riƙa sulalewa zuwa wajen tashar jirgin ƙasa, inda wani dattijo Oliver, tsohon ma'aikacin reluwe, ke da wannan inji a cikin ɗan ɗaki. Ya yi shekaru yana share masa ƙasa kafin a bar shi ya taɓa komai. Da Oliver ya tashi komawa garinsu ya bar masa injin, ya kuma miƙa masa wani ɗan akwatin katako da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri. Ya ce masa injin gangar jiki ce kawai, hannunsa yana cikin akwatin nan.

Abin da ke cikin akwatin shi ake kira kwalet. Ɗan ƙarfe ne bai fi babban yatsa ba, da rami a tsakiya, an tsaga bakinsa gida uku. Ana cusa shi a maƙogwaron injin, a zura sanda a raminsa, a ja shi ta baya, sai ya matse sandar ta kowane gefe daidai wa daida. Kowane kaurin sanda da nasa kwalet, suna jere a akwatin daga ƙarami zuwa babba kamar 'ya'yan gida ɗaya. Injin yana da wani babban baki mai haƙora uku na riƙon manyan kaya, amma wannan ya tsufa kamar ni, haƙoran sun saki, kuma in ya kama tagulla sai ya bar mata tabo. Aikin da ke son tsakiya ta zama tsakiya, sai kwalet.

Na haifi 'ya'ya, na yi jikoki, ban ga wanda aka yi wa renon da Kalilu ke yi wa waɗannan ƙarafa ba. In ya gama aiki da ɗaya sai ya zare gashin zabo daga bayan kunne ya bi tsagar nan uku, ya fitar da duk ɗan ɓurɓushin da ya maƙale. Ya goge da tsumma, ya ɗiga man keke, ya mayar da shi raminsa. Ba ya matse kwalet babu sanda a ciki, wai ƙugunsa zai sage. Ba ya tilasta wa na ƙarami ya haɗiyi babbar sanda. Da damina, da yake iskar garin nan kanta jiƙaƙƙiya ce, yakan naɗe akwatin da tsohon zanen matarsa. Shekara da shekaru mai na shiga jikinsu, har suka yi wani baƙi mai sheƙi kamar fatar ɗinya.

Nakan ce masa, "Kalilu, da Lauratu na samun rabin wannan shafar da tuni ta koma budurwa."

Yakan ce, "Lauratu ba ta tsatsa."

Lauratu matarsa ce, ita kaɗai, tun suna yara. Mace ce mai tsabta har ta wuce misali. In ka ajiye kofi a gidanta ka juya ka amsa sallama, kafin ka waiwayo an wanke shi an kife. Tukwanenta na dalma ana iya gyara ɗaurin kallabi a jikinsu. Shagon mijinta ne kaɗai wurin da hannunta bai kai ba, kuma na san yana ci mata rai.

To, sai yanar ido ta rufe wa Kalilu gani. Ya daɗe yana ɓoyewa, yana aiki da lalube, har ɗansu Mahir ya zo daga Abuja ya ɗauke shi aka yi masa aiki. Likita ya ce ya zauna a ɗaki, ba ƙura, ba sunkuyo, sai an ba shi izini. Makullin shago ya koma hannun Lauratu.

Ni a lokacin na tafi biki Keffi. Daga baya ita da kanta ta ba ni labari, tana murna. Ta ce ta yi tunani, mutumin da aka ba sabon ido, ai bai kamata abin da zai fara gani ya zama dauɗar shekara arba'in ba. Ta share shagon, ta kaɗe yanar gizo. Injin kansa ta ji tsoronsa, tsumma kawai ta bi shi da shi. Amma da ta buɗe akwatin ta ga 'yan ƙarafa baƙi ƙirin, sai ta ƙulle su a gefen zane ta kai gida. Ta jiƙa su a ruwan lemon tsami. Ta dirje su da toka da yashin rafi kamar cokula. Da safe ta ga sun yi ja, sai ta ƙara dirjewa. Baƙin da ke cikin ramin ya ƙi fita, sai ta ari sanfefa wajen kafinta, ta naɗa a jikin tsinke, ta yi ta murzawa har ciki ya yi fari tas.

Ina wurin ranar da ya dawo shago. Lauratu ta rako shi, ta ci ado kamar mai zuwa suna. Ya buɗe akwatin, hasken rana ya faɗa ciki, abubuwan nan suka ɗauki ido kamar azurfa. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Sannu da aiki, Lauratu. Kin sha wahala."

Ta ce, "Ai ba komai, Malam. Na ƙaramin nan ne ya fi ba ni wuya."

Ta tafi gida tana taku ɗai-ɗai. Shi kuwa ya ɗauki wanda yake aikin bakin feshi da shi, ya cusa, ya zura sanda, ya tayar da inji. Ko ni da ban san komai ba na ga kan sandar yana kaɗa kai kamar tsohuwa a wajen wa'azi. Ya kashe. Ya bi tsagar da gashin zabo, gashin ya fito da toka.

Na ce, "Toka nake gani ko idona ne ke son aiki shi ma?"

Ya ce, "Ki rufe bakin nan naki, in dai yana rufuwa. Ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba."

"Ɗan abin da ta kankare ai bai kai kaurin gashi ba."

"Kaurin gashi shi ne sana'ar gaba ɗaya."

Hadari ya haɗu, manoma suka fara zuwa. Ya yi musu aiki yadda zai iya. Ba a jima ba Terlumun ya dawo. Shi manomin agushi da doya ne daga bayan Shabu, Hausarsa ta koyo ce, ƙato, mai dariya kamar ana gangaro da durom, kuma duk inda ya kai kayansa nan mutanen ƙauyensu ke kai nasu. Ranar babu dariya. Ya ajiye bakin feshin a kan benci.

Ya ce, "Baba, wannan abu bai yi ba. Ina fesa ciyawa a nan, magani yana tafi can. Agushi na layi biyu ya ƙone."

Kalilu ya juya abin a hannu ya ce, "Laifina ne. Hujin ya kauce."

"Ko idon ne, Baba? Faɗa mini gaskiya, ba faɗa ba ne. Kakana ma an yi masa, bai sake gane akuyansa ba."

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya za ta fid da shi. Ina kallon bakinsa. Sai ya ce, "Tsufa dai, Terlumun."

Shi ke nan magana ta bazu. Kafin mako ya zagayo har a tashar babura ana cewa an taɓa wa Kalilu ido an lalata, hannu na nan amma gani ya tafi. Teloli suka fara wucewa ta ɗaya gefen titi suna gaisuwa daga nesa. Sunan da ya yi shekara arba'in yana ferewa a hankali, ga shi yana zubewa, shi kuma ya ƙi buɗe baki. Ni kuwa da aka sa wa takunkumi, har ramewa na yi. Ba a halicce ni don riƙe magana ba.

Ba wai ya zauna ba ne. Ya kira Mahir, yaron ya duba a waya ya ce akwai kwalet sababbi iri-iri, amma ba na wannan maƙogwaron ba, don kamfanin da ya ƙera injin ya mutu tun kafin a haife shi. Sai dai a sayo wani abin haɗi daga ƙasar waje a ɗaura a gaba, shi ma kafin ya iso an cire doya. Ya gwada yanka gwangwanin madara siriri yana cusawa a gefen da ya cinye. Wannan aikin ya fito daidai, na bayansa ya karkace. Daga nan ya ce zai ƙera da kansa. Ya samo guntun ƙarfen ƙafar mota wajen 'yan gwangwan, ya yi kwanaki yana ferewa, ya kai wa maƙeri a gasa shi a tsoma a mai don ya yi tauri. Yana shiga man ya ce ƙas, ya tsage. Ya sake wani, shi ma haka. Ya dawo da gutsattsarin a aljihu, ya zauna a benci, ko tsokanata bai amsa ba. Ranar na ji tsoro.

Abin da bai lissafa ba shi ne Lauratu ba sakara ba ce. Maganar ido ta iske ta a gidan suna. A daren da ya gabata kuwa tana fama da zare da allura, shi wannan makahon da ake faɗa ya karɓa ya zura mata a tashi ɗaya, yana ma hira. Da rana tana tsintar shinkafa, daga inda yake zaune ya nuna mata tsakuwar da ta tsallake. Ta zauna ta yi lissafinta. Ido lafiya lau, hannu lafiya lau, inji ba ta taɓa ba. Saura me?

Washegari da hantsi Terlumun ya tsaya a kan babur, da buhu a ɗaure a baya, cike da sandunan feshi na mutanen ƙauyensu. Makurɗi za shi da su. Ya tsaya ne kawai don kunya, kada a ce ya wuce bai gaida dattijo ba. Yana cikin gaisuwar sai ga Lauratu, ba kwanon abinci a hannunta, mayafi ma a karkace, abin da ban taɓa gani ba.

Ba ta kalli mijinta ba. Terlumun ta fuskanta ta ce, "Ɗana, kai ne agushinka ya ƙone?"

"Ni ne, Mama."

"To ba idonsa ba ne. Ni ce. Na wanke masa kayan aiki da toka da yashi, na ci musu ciki. Ka faɗa wa mutanenku haka, ka faɗa a tasha. Ka ce matarsa ce."

Kalilu ya ce, "Lauratu, koma gida."

"Ba zan koma ba, Malam. Ka bar gari na kiranka makaho saboda ni? Wa ya roƙe ka?" Ta juyo kaina. "Ke kuma Yaya, kin sani kika yi shiru?"

Na ce, "Ki tausaya mini, wannan ne shiruna na farko a duniya, kuma bai karɓe ni ba."

Terlumun ya fashe da dariyar nan tasa, ya kashe babur. Ya ce, "Mama, kin wanke shi kamar tukunya? Kai, matana ma ya taɓa wanke mini rediyo."

Lauratu ba ta yi dariya ba. Ta tambayi mijinta ko ana gyarawa. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai sabo, sabon kuma wuta na fasa shi. Ta ce babu ƙarfen da ba ya bukatar wuta? Ya ce akwai, tagulla, in ta samu mai kyau irin ta da, ba ta kai ƙarfe daɗewa amma tana riƙo da amana. Sai dai sandunan da yake da su sirara ne, ana son mai kauri, gudar gaske wadda ba ta da kogo a ciki.

Ta juya ta nufi gida. Da ta dawo, da abu a naɗe a mayafi. Taɓaryar ɗan turminta ce ta tagulla, wadda take dakan kanumfari da masoro, ta uwarta ce, uwar ma a wajen tata uwar ta gada. Na san turmin nan. Ranar da aka raba gado har rigima aka yi a kansa.

Kalilu ya ce, "A'a."

Ta ce, "Na riga na fito da ita. Ba na mayar da abu ɗaki."

Ya auna ta a tafin hannu. Ya ɗan ƙwanƙwasa ta da wuƙa, ta yi wata ƙara siririya da ta daɗe ba ta mutu ba. Ya dubi matarsa, ya yi bisimilla, ya ɗaura ta a babban bakin.

Na sha ganin yana aiki, amma ban taɓa zama na kalla daga farko har ƙarshe ba sai ranar. Tagullar ta riƙa zubowa a murɗe kamar zinariya, tana taruwa a ƙafarsa. Ya fere wajen ya yi masa tsini daidai maƙogwaron injin. Don ya san ko ya zauna, sai ya kunna kyandir ya shafa baƙin hayaƙi a cikin maƙogwaron, ya cusa, ya murza, ya zaro. Inda baƙi ya taɓa, nan ne ya yi tudu. Ya rage ɗan abin da ni ban ga ya rage komai ba, ya sake shafawa, ya sake cusawa. Haka ya yi ta yi har azahar ta yi, ya je ya yi salla ya dawo, har baƙin ya kama jikin ko'ina sumul kamar an yi masa kwalli. Terlumun da ke sauri zuwa Makurɗi yana nan a tsugune, ya manta da babur a rana.

Sai ya yi abin da ban zata ba. Bai huda ramin a waje ba. Ya cire babban bakin, ya zaunar da tagullar a cikin maƙogwaron, a inda za ta yi rayuwarta, sannan ya sa injin ya huda ta da kansa. Ya ce ta haka tsakiyarta za ta zama tsakiyar injin, ko da injin yana da 'yar karkatar tsufa, sun san juna. Ina zaune ina kallon tsohon ƙarfen da ya girmi 'ya'yana yana ƙera wa kansa hannu. Na ga haihuwa iri-iri a rayuwata, ban ga irin wannan ba.

Ya zaro, ya tsaga bakin gida uku da siririn zarto, ya share, ya ɗiga mai. Ya mayar, ya zura sanda, ya ja ta baya, ya tayar da inji.

Na ce, "Kalilu, bel ɗinka ya zame. Ba ta juyawa."

Ya ce, "Kawo tsinke."

Na zaro tsinken tsintsiya na kai kusa da sandar. Sandar ta fizge shi daga yatsuna ya yi sama. Tana juyawa da gudun da zai iya cire wa mutum yatsa, amma a ido tana tsaye cik kamar an zana ta. Lauratu ta ce, "Ikon Allah," a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashe ta. Ni ban ce komai ba, ku rubuta wannan ku ajiye.

Bai ɗauki lokaci ba ya fere bakin feshi ɗaya, ya huda shi, ya miƙa wa Terlumun. Shi kuma ya ɗaura a sandarsa, ya cika tanki da ruwan randata ba tare da ya tambaye ni ba, ya goya, ya buga famfo, ya nufi bangon siminti na shagon. Ruwan ya fito kamar hazo, ya bar da'ira a jikin bango, zagayayya kamar faifai, ba gefen da ya fi wani jiƙa. Ya matsa gaba ya sake fesawa, wata da'irar ta fito irin ta farko. Masu babur biyu da ke wucewa suka tsaya suna kallo.

Terlumun ya sauke tankin. Ya je bayan babur ya kwance buhun, ya sungumo shi ya zube a ƙafar Kalilu.

Ya ce, "Baba, jibi zan zo. Mutane na suna jira, ciyawa ba ya jira." Ya waiwayi Lauratu. "Mama, abeg, wannan sabon kar a yi masa wanka."

Ta ce, "Ko yayyafi ba zai gani ba."

Kalilu ya riga ya sunkuya yana kwance bakin buhun. Lauratu ta durƙusa ta tattara ɓurɓushin tagullar da ke ƙasa, ta ƙulle a gefen mayafi, ta ce masa miya na kan wuta, kuma yau babu masoro a ciki, kada ya tambaya.